Takarda Biyu a Teburin Jakada

Kwana tara bayan juyin mulki a gida, ma'aikatan ofishin jakadancin suka daina shan shayi tare.

Ba wanda ya hana su. A da, ƙarfe goma na bugawa kowa zai gangaro ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene inda butar lantarki take, a jingina da bango a yi ta hira, har sai tsohon Magatakarda ya dubi agogo ya yi gyaran murya. Yanzu kuwa sai mutum ya kasa kunne ya ji babu motsi, sannan ya sauko ya cika kofinsa, ya koma ofis ya tura ƙofa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk abin da aka faɗa a taron safe, kafin a tashi aiki ya isa ma'aikatar harkokin waje ta gida, wadda yanzu take hannun sojoji. Ranar Litinin Jakada ya ce a ɗan dakata da sauke hoton shugaban da aka hamɓarar. Da yamma saƙo ya zo daga ma'aikata cewa an ji wasu na cewa a ɗan dakata, to a sauke hoton yau. Ko kalma ɗaya ba a sauya ba.

Su bakwai ne ke zama a taron safe. Ɗaya daga cikinsu ke kai rahoto, kuma kowa na da wanda yake zargi.

Mafi yawansu Lauya suke zargi, ita ma ta sani. Ita ce mai ba ofishin shawara kan shari'a, shekararta shida a wani ɗaki na hawa na biyu mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Aikinta bai wuce duba takardun hayar gini ba, da ziyartar 'yan ƙasarsu da aka tsare, da warware rigimar gado idan wani ya mutu a baƙunta. Ba ta da abokin faɗa. Amma a rana ta uku da juyin, da aka karanto sababbin ministoci, sai ga kawunta a kujerar ministan shari'a. Ƙanen mahaifiyarta ne, farfesa, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara, shi kuma ya koyar da ita a jami'a. Tun daga ranar, in ta shigo ɗaki sai a koma zancen tsadar mai da cunkoson motoci.

Ita kuwa Kanar take zargi, hafsan da ke wakiltar rundunar sojan ƙasarsu a ofishin. Tare ya yi makarantar soja da biyu daga cikin masu juyin. Kuma tun da abin ya faru, sau uku tana hango shi ta tagarta yana zaune cikin mota, gilashi a rufe, waya a kunne.

Ranar Talata da hantsi Jakada ya aika a kira ta.

Dattijo ne mai laushin murya, ya shekara talatin yana aikin jakadanci, ya kuma iya tambayar lafiyar iyalinka har ka ji kamar a gidanku ya girma. Ya tashi da kansa ya rufe ƙofa, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, sannan ya turo mata takardu biyu a kan teburi.

"Karanta, Lauya. Fara da ta dama."

Ta dama daga ma'aikata take, da sa hannun wani janar. Tana cewa an kawo ƙarshen aikin Jakada, ya miƙa hatimi da makullai ga wanda za a turo, ya dawo gida cikin mako biyu. Ta hagu kuwa daga tsohon ministan harkokin waje take, wanda ya tsallake iyaka ranar juyin. Ba ta da hatimi, hotonta aka turo ta waya aka buga. Tana cewa gwamnatin da jama'a suka zaɓa tana nan, Jakada ya zauna daram, kada ya karɓi umarni daga 'yan tawaye.

"Ranka ya daɗe, wa ya ga waɗannan?"

"Ni da ke, sai Allah." Ya cire tabarau yana gogewa. "Jibi Alhamis ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar nan ta kira ni. Za su tambaye ni wa nake wakilta. Ina so ki rubuta min, a dokar ƙasa da ƙasa, wacce ce umarni a cikin biyun nan, wacce ce shara."

"Amsar ba lallai ta yi wa kowa daɗi ba."

"Ba daɗi na nema ba." Ya mayar da tabarau, ya dube ta ta samansa. "Yaya Kawu? Kuna waya?"

Ga ta nan, in ji zuciyarta, tambayar da kowa ke haɗiyewa.

"Tun da aka naɗa shi bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba."

"Ai zumunci daban, aiki daban," in ji Jakada yana murmushi. "Ni ban taɓa sa ki a layin waɗanda nake kokwanto ba. Ki dai rubuta a inda ido ba zai gani ba. Kwamfutocin ofishin nan ban yarda da su ba. Kwafi ɗaya, hannu da hannu."

Ta fito tana jin sanyi a ranta. Ko ba komai, akwai mutum ɗaya a ginin nan da ya yarda da ita.

A ƙasa, a zauren da ake karɓar jama'a, ta tarar da Magatakarda tsaye bayan gilashin kanta da hatimi a hannu, bai buga ba, bai ajiye ba. A gabansa wani magidanci ne cikin kayan aikin gini, idanunsa sun yi ja. Matarsa ta rasu a asibiti shekaranjiya, iyayenta suna so a kai ta gida, kamfanin jirgi kuma ya ce sai da takardar ofishin jakada.

Magatakarda ya ja Lauya gefe. Shekararsa ashirin da biyu yana riƙe da hatimin nan, ko bayan gida zai shiga yana aljihunsa na ciki.

"'Yata, ki fitar da ni. In na buga, da sunan wa na buga? In sojoji suka ce ofishin nan na 'yan adawa ne, a filin jirgi za a tsare gawar baiwar Allah. In waɗancan suka dawo, su ce na yi wa sojoji aiki."

"Baba, karanta abin da ke jikin hatimin."

Ya juya shi, ya matso da shi kusa da ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Sunan ƙasa ne."

"Akwai sunan shugaba? Akwai na janar?"

"Babu."

"To buga. Gwamnati aka ture, ƙasa tana nan. Takardar mutuwa, ta haihuwa, fasfo, duk wanda ke kan mulki zai karɓe su. Wannan kam ba a gardama a kansa."

Ya buga. Magidancin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da Lauya ta juya za ta hau bene, sai ta ga Kanar tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Ya ji komai.

"Lauya, ina da tambaya, in kina da minti biyu."

"Ba ni da su, Kanar."

"Kan rantsuwa ce. Mutumin da ya yi rantsuwar kare tsarin mulki, sannan aka jingine tsarin mulkin, wa zai bi?"

"Ka tambayi abokanka, su suka jingine shi."

Ya dube ta, ya matsa ya ba ta hanya. Tana hawa tana faɗa a ranta cewa tarko ne, so yake ta furta wata magana ya kai gaba.

A gida ta yi rubutun, bayan an tashi aiki, a kan teburin cin abinci, da tsohuwar kwamfutar maigidanta wadda rabonta da intanet tun bara. Maigidan a kantin magani yake aiki, mutum ne mai raha, amma ranar ko shi sai da ya saki labule kafin ya zauna.

"Ni da na auri lauya don in riƙa cin gardama da mai gidan haya," ya ce, "ashe mai naɗa gwamnati na auro."

"Ba naɗawa zan yi ba. Abin da ke rubuce zan faɗa."

"Me ke rubuce?"

Ta ture kwamfutar gefe. "Abu biyu ne, kuma ba sa jituwa. Tsohuwar al'ada ta ce ƙasashe ba ruwansu da yadda ka hau. In kai ke riƙe da gari, 'yan sanda na bin umarninka, jama'a sun yi shiru, to da kai za a yi hulɗa. Amma ƙasarmu da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar ƙasashen yanki, cewa duk wanda ya hau da bindiga ba za a ba shi kujera ba. Ƙasar nan da muke zaune ma ta sa hannu. Tun ranar Juma'a kuma ƙasashen yankin suka dakatar da mu. Muddin masu masaukinmu ba su amince da sojoji ba, takardar janar ba ta isa ta sauke jakada a wurinsu ba."

"Ta ministan da ya gudu fa?"

"Shi yana da hujja, ba shi da gari. Ko ɗan sandan kan hanya ba zai iya ba wa umarni ba. Hakan ma zan rubuta."

Maigidan ya daɗe yana juya kofin da ke gabansa.

"Innarki fa a gidan Kawu take."

"Na sani."

"Na san kin sani. Faɗa na yi don kada a ce ban faɗa ba."

Shafi shida ta rubuta, ta buga kwafi ɗaya a gida. Da safe a cikin bas tana sake dubawa, sai ta ga a shafi na huɗu ta rubuta "gwamnatin soja". Ta zaro jan biro daga jaka, ta ɗora takardar a gwiwa, ta soke, ta rubuta a sama da hannu: "masu riƙe da iko a yanzu". Ƙarfe takwas da rabi ta miƙa wa Jakada. Ya karanta shafin farko a tsaye yana gyaɗa kai, ya sa takardar a aljihun tebur, ya kulle, ya jefa makullin a aljihun rigarsa.

Ƙarfe biyu na rana wayarta ta yi ƙara. Lambar gida ce, amma ba ta san ta ba. Ta sauka ta zaga bayan gini, ta tsaya kusa da injin wuta inda ƙara ke rufe magana.

"Auta."

Mutum ɗaya ne ke kiranta haka da wannan muryar.

"Kawu, ina wuni. Yaya Inna?"

"Lafiyarta ƙalau, ƙafar ce dai. Kullum sai ta tambaya ko kin manta da mu." Ya ɗan yi tari. "Ba ki kira kin yi min murna ba."

"Ban sani ba ko abin murna ne, Kawu."

Ya yi dariya irin tasa, wadda 'yan aji suke tsoro. "Bakin nan dai yana nan. Saurara, Auta. Ni ban ɗauki bindiga ba. An riga an yi abin da aka yi. Ko dai mai ilimi ya shiga ya riƙe musu hannu, ko a bar su da jahilai. Kotuna na zama, kasuwa na ci, filin jirgi a buɗe yake. Me na koya muku a aji uku? Juyin da ya yi nasara, shi ke kafa tasa dokar."

"Ka koya mana. Sannan ka rufe littafin, ka ce da wannan maganar alƙalai matsorata ke rufe fuskarsu. A layin gaba nake zaune, na rubuta."



"A aji ake wannan," ya ce. "Nan duniya ce. Ƙasashen da suka dakatar da mu, jakadunsu ta ƙofar baya suke shigowa suna gaisawa da janar. Ki ba su wata shida ki gani. Ke kuma kin zauna kina wasa da kalmomi. Har da jan biro, Auta? Kin soke 'gwamnati', wai 'masu riƙe da iko a yanzu'. Jan biron nan ma a wurina kika koya."

Ta dafa bango, ta ji zafin injin yana bugun ƙafarta. Gyaran nan ba ya cikin kwamfuta. Ko maigidanta bai gan shi ba.

"Kawu, wa ya turo maka?"

"Wanda ya fi ki sanin inda aka dosa. Ki sake rubuta masa wata, mai hankali. Ba don ni ba. Inna ta tsufa, tana son ganinki, kuma ina so duk ranar da kika sauka a filin jirgi ki wuce kamar kowa."

Ya kashe wayar. Ta tsaya tana kallonta, ta rasa gane ko gargaɗin kawu ne ko barazanar minista.

Ba ta hau bene kai tsaye ba. Lauya ce, ba ta yanke hukunci da shaida ɗaya. Aljihun tebur ana iya buɗe shi, makulli ana iya yin na biyu. Ta biya ta kantar Magatakarda, ta yi kamar tana duba littafin baƙi.

"Baba, Jakada ya fita yau?"

"Ko nan da ƙofa. Abinci ma ciki aka kai masa. Ya ce kada kowa ya shiga."

"Kanar fa?"

"Tun ƙarfe bakwai ya tafi filin jirgi da mutumin jiya, mai gawa. A motarsa ya ɗauke shi. Jiya ya wuni yana neman wani abokinsa a waya, wai don kada a wahalar da su in sun sauka." Tsohon ya rage murya. "Me ya faru, 'yata? Fuskarki ta sauya."

"Ba komai, Baba."

Ya dube ta, ta ga shi ma yana auna ta, yana tunanin ko tambayoyin nan na rahoto ne. Hannunsa ya kai aljihun da hatimi yake.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Jakada ta shiga ba ta jira izini ba.

"Ranka ya daɗe, Kawu yana gaishe ka. Ya ji daɗin shafi na huɗu."

Ko gezau bai yi ba. Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo kaɗan, ya nuna mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Wannan ne juyi na uku da na gani, Lauya," ya ce a hankali. "A na farko ina ƙaramin ma'aikaci. Jakadanmu na lokacin ya tsaya kan gaskiya, jaridu suka yabe shi mako guda. A gadin wani otal ya ƙare rayuwarsa, a ƙasar mutane, mu huɗu muka raka shi kabari. 'Ya'yana huɗu suna gida yanzu haka, biyu a aikin gwamnati."

"Da ka faɗa, ranka ya daɗe. Mako guda ana min kallon munafuka, kana gani."

"Zargi dole ya sauka a kan wani. A kanki ba zai yi illa ba, kina da kawu."

Yadda ya faɗe ta a sauƙaƙe, kamar yana gaya mata lokacin tashin jirgi, shi ya fi ƙona mata rai.

"To me ya sa ka sa ni rubutawa?"

"Suna so su san abin da za a ce a kansu kafin a ce. Ni kuma takarda biyu nake so. Wannan za ta je wurin waɗanda suka gudu, su san ofishina yana tare da doka. Ki rubuta min ta biyu, wadda ta ce riƙe gari shi ne hujja. Ba ƙarya za ki yi ba, ke da hannunki kin rubuta cewa al'adar tana nan."

"Tana shafi na biyu. Abin da ya rinjaye ta kuma yana shafi na uku. Ba zan raba su ba."

"Kowa raba ƙafa yake yi, 'yata. Gobe ki raka ni, ki ga masu masaukin namu da idonki."

Ta raka shi. Wata darakta ce ta karɓe su, mace mai furfura, a wani ɗaki mai dogon teburi da kwalaben ruwa waɗanda ba wanda ya buɗe. Daga takarda take karantawa, ba ta ɗago kai sosai ba. Ta ce ƙasarta ta yi tir da abin da ya faru, tana kuma tare da matakin dakatarwa. Ta ce su ƙasashe suke amincewa da su, ba gwamnatoci ba. Wasiƙar janar ta iso musu, sun ajiye, ba su amsa ba. A wurinsu Jakada yana nan a matsayinsa har sai sun ce wani abu.

Lauya ta nemi izinin tambaya. "In suka turo sabon mutum fa?"

Darakta ta dube ta a karon farko. "Baƙo ba ma hana shi biza ta ziyara. Abin da ke faruwa a cikin ofishinku kuwa naku ne, mu ba ma shiga."

Da suka fito, a ɗakin jira akwai wani mutum zaune da baƙar jaka a cinya. Fuskarsa ta gida ce, askinsa na soja, duk da kwat ɗin da ya sa. Ya miƙe ya rusuna wa Jakada. Jakada ya wuce kamar bai gan shi ba, amma Lauya ta ga ya ɗan lumshe masa ido. Ba su kai ƙofa ba ta ji sakatariyar darakta tana cewa mai jakar ya shigo.

"Kin gani?" in ji Jakada a mota.

"Na gani."

Ba ta ƙara cewa komai ba har suka isa, domin direba na ji, ita kuma ba ta san na wa ne ba.

Ranar Juma'a ta zo taron safe da kwafi bakwai. Kafin Jakada ya buɗe taro ta zaga ta ajiye wa kowa nasa.

"Shawara ce aka sa ni na rubuta kan halaccin masu mulki a gida," ta ce. "Shekaranjiya da safe na ba da kwafi ɗaya, ga mutum ɗaya, hannu da hannu. Kafin ƙarfe biyu an karanta ta a ofishin ministan shari'a. Tunda na gida sun gani, ban ga dalilin ɓoye wa na nan ba."

Ba ta kalli Jakada ba. Ba ta buƙata, sauran duk shi suke kallo. Shi kuwa yana juya shafukan a natse kamar yau ya fara ganinsu.

"Kanar," ta ce, "na zarge ka, na kuma yi maka rashin kunya a ƙasan bene. Ka yafe ni. Amsar tambayarka tana shafi na biyar."

Kanar ya buɗe shafi na biyar ya karanta a wurin, yatsansa yana bin layi. Da ya gama ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Sai mu shiga ajanda," in ji Jakada da muryarsa mai laushi. Aka shiga ajanda, aka yi zancen famfon bayan gida da ke yoyo.

Ba a yi mako guda ba wasiƙa ta zo daga ma'aikata tana kiran Lauya gida domin a ba ta wani aiki da ba a faɗi sunansa ba. A jaka ɗaya aka zo da wata wasiƙar, wadda ta janye sallamar Jakada ta kuma yaba da biyayyarsa. Lauya ta kwashe littattafanta a kwali biyu, ta miƙa wa Magatakarda makullin ɗakinta, ta sa ya rubuta mata shaidar karɓa. Ya buga mata hatimi, ko da yake takardar ba ta buƙatarsa. Ba ta koma gida ba. Kanar ya ajiye aiki a watan.

Lissafin Kawu bai yi kuskure sosai ba. Ba a ɗage dakatarwar ba, ba a kuma daina yin tir a taruka ba, amma a wata na biyar masu masauki suka karɓi mai baƙar jaka a matsayin mai riƙon ofis, ba sanarwa, ba biki. Jakada ya koma gida da alkawarin babban muƙami. Labarin da ya iso daga baya shi ne an ajiye shi a wani ofis mara taga, domin sojoji sun samu kwafin wasiƙun da yake aika wa waɗanda suka gudu. Wa ya ba su, ba wanda ya sani.

Lauya ta samu aiki a wani ƙaramin ofis da ke taimaka wa baƙi da takardun zama, a saman wani shagon gyaran waya. Duk ranar Lahadi tana kiran Inna. Matar Kawu ce ke riƙe wayar, don haka zancen ba ya wuce ƙafa da magani da wanda ya haihu. Sau ɗaya ta ji muryar Kawu a bayan ɗaki yana tambaya ko Auta ce. Bai karɓi wayar ba, ita ma ba ta ce a ba shi ba.

Wata Asabar da rana, a layin masu kayan miya, ta ji an ce, "Lauya." Ta juya ta ga Kanar cikin farar riga da leda a hannu. Ya rame, ya bar gemu. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Ya ce yana koyar da tuƙi yanzu, ɗalibansa sun fi kurata taurin kai. Ta yi dariya, ta kuma ji daɗin dariyar, amma sai ta ga idonta ya kai kan wayar da ke leƙowa daga aljihun rigarsa. Shi ma ta ga ya dubi jakarta.

"A ina kike aiki yanzu?" ya tambaya.

"Can wajen tashar bas."

"Tashar bas ai da faɗi."

"Kai fa, a ina kuke zaune?"

Ya yi murmushi, ya sauya wa ledar hannu. "Can wajen gada."

"Gada ma ai biyu ce."

Suka tsaya suna kallon juna, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ya yi, ba wanda ya ji haushi. Mai tumatir ta ce in ba saye za su yi ba su matsa mata daga gaban teburi. Suka matsa. Kanar ya ce ta gaida maigida, ta ce ya gaida madam da yara, ya bi ta ƙofar gabas, ita kuma ta tsaya ta zaɓi tumatir ɗinta a natse, har sai da ta tabbata ya yi nisa.